Yadda za ka saba wa kunnenka da kiɗan kilasika a cikin hayaniyar Legas

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa wani dattijo Bayarabe, likita ne da ya yi ritaya, gidansa a Ikoyi. Ba ya son rediyo a mota, ba ya son doguwar hira. Da mun hau titi sai ya miƙo min faifan CD daga kujerar baya ya ce, "Malam, sa mana wannan." Watannin farko ban ji komai a ciki ba sai goge-goge da bushe-bushe. Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba wanda ake yi wa kirari. Ni da na tashi a Funtuwa da kaset ɗin Shata a kunne, sai in yi ta jiran wani ya buɗe baki, har faifan ya ƙare ba wanda ya ce uffan.

Wata rana gosulo ya tsare mu a kan gadar Third Mainland, rana ta take, ga ruwa hagu da dama, ba gaba ba baya. Baba ya ce, "Malam, a garinku in sarki zai fito me ake yi masa?" Na ce, "Kakaki da algaita, Baba, kuma kowane basarake da takensa. Ko ba a ambaci suna ba, daga kiɗan kowa ya san wanda ke tafe." Ya ce, "To wannan ma take ne. Riƙe bugu huɗun nan na farko, ka bi su ka ga inda za su." Simfoni ta biyar ta Beethoven ce, wato dogon kiɗa na taron makaɗa da yawa. Kafin mu sauka daga gadar na ji bugu huɗun nan sun ɓuya, sun sake fitowa, sun yi ƙasa, sun yi sama, sun koma bakin wani kayan busa. Ranar kunnena ya buɗe.

Baba ya rasu, 'ya'yansa suka ba ni kwali biyu na faya-fayansa. Yanzu duk Lahadi bayan La'asar mukan haɗu a shagon wani abokina tela a Agege, mu huɗu: ni da shi, da wani malamin makaranta, da wani yaro ɗan wajen Kura da ke sayar da tumatir a Mile 12. Mutane kan leƙo su tambaye mu me muke ji haka ba waƙa. Amsar ce na ga ya kamata in rubuta, tare da hanyar da muka bi, don wanda yake so ya gwada.

Ka fara da kunnen da ka zo da shi daga gida

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka sai ya yi karatun kiɗa kafin ya ji daɗin wannan abu. Bahaushe ya riga ya san kiɗan da ke magana ba da baki ba. Kalangu yana kiran sunan mahauci, kotso yana yi wa sarki take, ɗan dambe yana jin gangarsa tsikar jikinsa ta tashi tun kafin mawaƙi ya soma. Kiɗan kilasika, wato kiɗan Turawa na dauri wanda ake rubutawa a takarda, a kan wannan dabarar aka gina mafi yawansa. Mai tsara kiɗan zai kafa ɗan gajeren take, ya tafi yawo da shi, ya sauya masa riga, ya dawo da shi. Aikinka na farko ke nan: gano taken, sannan ka lura duk sanda ya dawo, kamar yadda kake jiran amshi.

Kayan kiɗan ma dangin namu ne. Bayolin goge ne mai tsirkiya huɗu, kuma da izgar doki ake goga duka biyun. Celo babban wansa ne, a zaune ake riƙe shi tsakanin gwiwoyi, muryarsa irin ta magidanci. Obo algaita ce da aka rage wa kaifi. Fulut sarewa ce, timfani tambura ne na tagulla, kayan busa na ƙarfe kuwa 'yan gidan kakaki da begila ne. Taron makaɗan gaba ɗaya shi ake kira okestira, wani lokaci sukan kai tamanin ko ɗari. Mutumin nan da ke tsaye a gaba da 'yar sanda, wanda ba ya kaɗa komai, mu a shagon tela sarkin kiɗa muke ce masa. Shi ke yanke saurin tafiya da nauyinta, kuma za ka ga nan gaba cewa shi ne rabin labarin.

Lokaci, wuri da abin ji

A Legas wannan ne babban yaƙin. Waƙoƙin zamani ana haɗa su ne sautinsu ya tsaya da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa suke ratsa ƙarar danfo da janareto. Kiɗan kilasika ba haka yake ba. Yakan yi ƙasa har ka zaci wayar ta mutu, bayan minti biyu ya tashi kamar hadari. In ka saurare shi a Oshodi da tsakar rana, wuraren da ya yi laushi duk sun tafi a banza, kuma a nan zaƙin yake. Ka nemi rabin awa bayan sallar Asuba kafin gari ya waye sosai, ko can dare in maƙwabta sun kashe injinansu. La'asar ɗin Lahadi ma tana da sauƙi, kuma tsakaninta da Magariba simfoni ɗaya na shiga har da ragowar lokacin gardama. Mu da an kira salla muke dakatarwa, ko a tsakiyar ina muke.

Kada ka ji shi ta sifikar waya. Muryoyi masu kauri, irin na celo da babban goge da tambura, ba sa fitowa ta nan sam. Ka samu iyafis mai toshe kunne da kyau, ko ƙaramar sifika mai ɗan nauyi. Ba sai mai tsada ba, amma ka gwada kunne biyun kafin ka biya. Na taɓa sayen wani a hannun mai talla a cikin gosulo, ashe ɓarin dama ya mutu. A yawancin faya-fayan nan masu bayolin suna hagu ne, masu celo suna dama, sai na kwana biyu ina jin rabin makaɗa ina mamakin yadda kiɗan ya rame. Wajen saita ƙara kuma, ka tura zuwa inda kiɗan ya fi tashi, ka daidaita a nan yadda ba zai cutar da kunne ba, sannan ka dawo farko. In ka saita a wuri mai laushi, inda ya fashe zai razana ka.

Duk abin da zan ambata yana YouTube da Spotify, sai dai ka rubuta sunayen yadda na rubuta su. Sauti zalla mai matsakaicin kyau yana cin kusan megabait ɗaya a minti, bidiyo kuwa ninkin haka sau da yawa, saboda haka ka sauke da garaɓasar datar dare ka ajiye. Abu ɗaya da ke ɓata wa sababbi: ka kashe maɓallin nan da ke gauraya waƙoƙi. Simfoni babi-babi ce, yawanci huɗu, kowanne an ajiye shi daban a manhaja. In wayar ta gauraya su, kamar ka karanta littafi ne daga babi na uku ka koma na ɗaya. Kalmomin da za ka gani a gaban kowane babi na Italiyanci ne, saurin tafiya suke faɗa: allegro da hanzari, presto da gudu, andante tafiyar ƙafa, adagio a hankali ƙwarai.

Abu huɗu na watan farko

Ni da Bolero nake fara wa kowa. Wani Bafaranshe ne, Maurice Ravel, ya tsara shi a 1928, tsawonsa kamar minti goma sha biyar, kuma ban taɓa ganin Bahaushen da ya kasa kama shi ba. Gangar fareti ce ke buɗewa can ƙasa-ƙasa, da bugu iri ɗaya wanda mai gangar zai maimaita sau 169 ba tare da ya sauya ba. A kan wannan bugun sarewa za ta kawo taken, ta miƙa wa wani kayan busa, shi ma ya miƙa wa wani, kowa ya faɗi abu ɗaya da tasa muryar, ana ƙara hannu kaɗan-kaɗan. Ji na farko ka bi ganga kawai. Ji na biyu ka yi ƙoƙarin gane duk inda taken ya sauya baki. A ji na uku ka jira dab da ƙarshe, inda kiɗan gaba ɗaya zai ɗaga zuwa wani mataki na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo, sannan ya rushe lokaci guda. Yaron nan na Mile 12, ranar da muka sa masa, yana ta buga bugun a kan teburin guga da yatsa biyu, da aka zo wurin nan sai ya miƙe tsaye bai sani ba.

Na biyu Vivaldi, mutumin Italiya, da kiɗansa na yanayin shekara huɗu da aka buga a 1725, Four Seasons. Kowane yanayi kamar minti goma ne. Irin wannan tsari sunansa kancato: mai goge ɗaya a gaba, sauran suna amsa masa, tamkar mawaƙi da 'yan amshinsa. Ka je babin ƙarshe na yanayi na biyu, na zafi, za ka ji hadarin farkon damina ya taso da iska da tsawa. Ba ya bukatar bayani.

Na uku shi ne wanda ya kama ni a kan gada, kuma a kansa zan daɗe. Beethoven Bajamushe ne, an haife shi a 1770, ya rasu a 1827. An fara kaɗa simfoninsa ta biyar a birnin Biyana a watan Disamba na 1808, lokacin kunnensa ya riga ya fara mutuwa. Ka nemi ɗaukar da sarkin kiɗa Carlos Kleiber ya yi da makaɗan Biyana a 1974, ba ta kai minti talatin da biyar ba. Bugu uku gajeru da ɗaya dogo, shi ne taken. A babin farko kusan duk abin da za ka ji daga wannan ɗan tsakin aka gina shi. Amma ga wurin da nake so ka jira: bayan an wuce tsakiyar babin, ana cikin wannan gudu da turereniya, sai kowa ya tsaya cak, a bar obo ita kaɗai. Za ta yi wani ɗan kuka a hankali, na 'yan daƙiƙoƙi, kamar mai algaita shi kaɗai a ƙofar fada bayan an watse daga hawan salla. Daga nan gudun ya ci gaba kamar ba a yi ba. Na ji wurin nan ya fi sau ɗari, har yau in ya zo sai na riƙe numfashi.

Wuri na biyu shi ne mahaɗar babi na uku da na huɗu, don babu tsayawa a tsakaninsu. Komai zai lafa, a bar tambari yana bugawa can ƙasa kamar bugun zuciya, masu goge suna rarrafe a kansa, suna hawa a hankali. Kada ka taɓa maɓallin ƙara. Abin zai kumbura, sannan ya fashe da manyan kayan busa na ƙarfe waɗanda Beethoven ya ɓoye tun farkon simfonin, bai bar su sun yi ko tari ba sai a nan. Baba yakan ɗaga yatsa ɗaya a kujerar baya in an kusa wurin, ina hango shi ta madubi.

Na huɗu mutum ɗaya ne da kayan kiɗa ɗaya. Bach, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, ya tsara jerin kiɗa shida na celo zalla. Wani ɗan ƙasar Sifaniya, Pablo Casals, ya tsinci takardunsu a wani shago a Basalona yana ɗan shekara 13, ya yi fiye da shekara goma yana bitarsu kafin ya yarda ya kaɗa su a bainar jama'a, bai kuma ɗauke su a faifai ba sai tsakanin 1936 da 1939. Za ka ji shuuu a bayan kiɗan saboda tsufan ɗauka. Kada ya dame ka, mu da muka saba da tsofaffin kaset na Narambaɗa da Ɗanƙwairo mun san da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya san abin da Ɗan Maraya Jos ke fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin yadda goge ɗaya ke zama kamar mutum biyu suna zance ba. Ka fara da buɗewar na ɗaya, ba ta kai minti uku ba.

A nan ya kamata in faɗi wani abu don kowa ya san abin da yake sa wa kunnensa. Duk waɗannan da na lissafa kiɗa ne zalla, ba kalma ko ɗaya. Amma Bach da wasunsa sun yi waƙoƙin coci da yawa. In ka ga Mass, ko Passion, ko Requiem a sunan faifai, na ibadarsu ne, da baituka. Wanda ba ya so sai ya tsallake, abin da ya rage ya ishi mutum har ƙarshen rayuwa.

Kiɗa ɗaya, hannu biyu

Ga abin da ya bambanta masu son wannan kiɗa da sauran masu sauraro, kuma shi ke riƙe da zamanmu na Lahadi. Tunda a takarda kiɗan yake, kowane makaɗi da yadda yake karanta shi. Shi ya sa in ka tambayi ma'abocinsa me yake ji kwanan nan, ba zai ce Beethoven kawai ya yi shiru ba, sai ya gaya maka na wa, na wace shekara. Bayan ka ji abu ɗaya sau biyar ko shida har ka san lungunansa, ka nemo wani ya kaɗa maka shi. Ka ji babin farko na Kleiber, nan take ka sa na Otto Klemperer na 1959. Kleiber doki ne da aka sakar wa linzami. Klemperer tafiyar raƙumi yake yi da kaya, kowane taku da nauyinsa. Malamin makarantarmu yana bayan Klemperer, ya ce a nan ne ake jin kowace murya daban. Ni ina nan a kan Kleiber, don a ganina mutumin da kunnensa ke mutuwa ba a hankali ya rubuta wannan abu ba.

Misalin da ya fi kowanne shi ne na Glenn Gould, mai fiyano ɗan Kanada, don shi da kansa ya yi gardama da kansa. Ya ɗauki Goldberg Variations na Bach a 1955 yana ɗan shekara 22, ya sake ɗauka a 1981, shekara guda kafin rasuwarsa. Tsarin abin mai sauƙi ne: take ɗaya mai taushi, a juya shi sau 30, a rufe da shi yadda aka buɗe. Na farkon minti 38 ne, na biyun minti 51. Taken buɗewa kaɗai, a na samartaka ya gama shi cikin ƙasa da minti biyu, a na girma ya haura uku. Wata biyu muka yi a kan faifan nan biyu. Tela yana son na 1955, ya ce yatsun suna gudu kamar allurar kekensa a daren salla kuma ba ɗinki ɗaya da ya karkace. Ni na 1981 nake komawa, inda kowane sauti sai ya zauna kafin na gaba ya zo. Yaron Mile 12 kuwa ya cire iyafis ya ce min, "Yaya, wayata ta lalace, akwai wani yana gunaguni a ciki." Ba lalacewa ba ce. Gould ne da kansa, yakan yi ta rera abin a maƙogwaro yana kaɗawa, masu ɗauka ba su iya raba shi da fiyanon ba.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ji, na wa, da layi ɗaya na yadda ya yi maka. Bayan wata shida ka sake ji ka duba.

Kada kuma ka ɗauka abin na Turawa ne su kaɗai. Fela Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905 kuma ya koyi kiɗa a nan Legas kafin ya tafi Landan, ya tsara African Suite a 1944, babi biyar na kayan tsirkiya. Babin ƙarshe, Akinla, in ka ji shi ka ji tsohuwar Ikko tana rawa da gogen Turawa. Akin Euba, haifaffen Legas, ya yi rayuwarsa yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta gangunan Yarabawa. Ayo Bankole, shi ma mai tsara kiɗa, a Jos aka haife shi a 1935. Wata mai fiyano, Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta fitar da faifai mai suna Ekele a 2018 da ke ɗauke da kiɗansa. Yana ba ni takaici a ce mutum ya shekara ashirin a garin nan bai taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba.

In kunnenka ya fara sabawa, ka je ka gani da ido ko sau ɗaya. Cibiyar MUSON, inda ake kaɗa irin wannan kiɗa a Legas, tana Onikan, kusa da gidan tarihi na ƙasa. Ƙungiyar da ta gina ta an kafa ta a 1983, tana da makarantar kiɗa, kuma tana yin bikinta na shekara a wajejen Oktoba. Daga Mile 12 bas ɗin BRT za ta kai ka TBS, wato dandalin Tafawa Ɓalewa, sauran tafiyar ƙafa ce, daga Obalende ma haka. Ka duba lokacin farawa ka tsara sallarka, don in an soma akan dakatar da wanda ya makara a ƙofa sai an kai gaɓa. Kaftani da hula sun wadatar. Ka kashe waya gaba ɗaya. Kafin sarkin kiɗa ya fito za ka ji obo ta ja sauti ɗaya dogo, kowa ya daidaita kayansa da ita, wannan ba kiɗan ba ne tukuna. Ba a tafa hannu tsakanin babi da babi, sai an gama duka ya sauke hannu ya juyo. In za ka iya zaɓen kujera, ka zauna inda kake hango masu celo, ka kalli yadda izga goma ke tafiya tare kamar hannu ɗaya.

Lahadin nan mun shirya kancaton celo na Elgar, Baturen Ingila. Za mu fara da ɗaukar Jacqueline du Pré ta 1965, sannan ta Sheku Kanneh-Mason, matashin nan da mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce, wadda ta fito a 2020. Okestira ɗaya ce ta Landan ta raka su duka biyun, shekara hamsin da wani abu a tsakani. Malamin makaranta ya sauke na Sheku a wayarsa, tela ya ce zai cika batirin sifika tun Asabar ko da an ɗauke wuta. Na du Pré yana cikin kwalin Baba, da rubutun hannunsa a bayan murfin, shi zan kawo.